Na'urar ƙayyade gudu a tireloli: tana rage shan mai ne, ko lokaci kawai take ci?

Magajin Gida, Sakkwato:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar manyan motoci. Shekara biyu ke nan da mahaifinmu ya damƙa mini kula da tireloli shida na gidanmu, huɗu DAF ne na hannu da aka shigo da su daga Turai, biyu kuma Howo ne. Mafi yawan aikinmu shi ne ɗaukar albasa daga yankin Goronyo da Wurno zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, sannan mu komo da duk lodin da ɗan kamasho ya samo mana. Hanyar ita ce wadda kowa ya sani: Tambuwal, Jega, Koko, Yawuri, Kontagora, Mokwa, a haye gadar Jebba a bi ta Ilori da Ibadan, tafiyar da ta haura kilomita 1,000.

Abin da ya hana ni barci shi ne man gas. A watan Janairun 2022 litar ba ta kai Naira 300 ba, kafin ƙarshen 2022 ɗin ta doshi 800, a 2024 kuwa ta wuce 1,000, alhali kuɗin lodi bai bi ta da irin wannan saurin ba. Wani abokina ya ba ni shawarar in sa wa motocin na'urar ƙayyade gudu, in tsayar da su a kan kilomita 80 a awa, ya ce zan ga bambanci a tanki tun daga tafiyar farko. Da na tuntuɓi direbobinmu sai suka haɗa baki suka ce za a kashe musu mota ne kawai, albasa ta lalace a hanya, ɗaya daga cikinsu ma, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, ya ce ranar da aka sa na'urar zai ajiye mini makulli. Shin da gaske rage gudu yana rage shan mai yadda zai biya lokacin da za a rasa, a kan irin hanyarmu, ba a kan titunan Turai ba?

Malamin Kanikanci:

Wa alaikumus salam. Magaji, abokinka yana da gaskiya, sai dai bai gaya maka dukanta ba. Man da tirela take sha a kan miƙaƙƙiyar hanya yana tafiya ne wajen yaƙi da abubuwa biyu, wato nauyin da yake danne tayoyi a kan kwalta, da kuma iskar da take tokare gaban mota. Na farkon ya danganta da lodi da lafiyar taya, kuma kusan bai damu da gudunka ba. Na biyun kuwa shi ne mai mugun hali, domin idan ka ninka gudu sau biyu, turjiyar iska sau huɗu take ninkawa. Duk wanda ya taɓa hawa babur da babbar riga ya san wannan a jikinsa, domin rigar da take kwance a cikin gari ita ce take neman fizge shi da zarar ya hau hanyar Boɗinga ya murɗa totur.

Ga lissafin. Daga 80 zuwa 100 ka ƙara kashi 25 cikin ɗari a kan gudu, amma turjiyar iska ta ƙaru da kashi 56. Mu ɗauka, domin misali kawai, cewa a gudun 80 iska tana cin kashi 40 na ƙarfin da mota take kashewa, saura 60 na taya da sauran abubuwa ne. Idan direba ya kai 100, wancan 40 ɗin ya koma 62 da ɗoriya, ke nan kowace kilomita ta ƙara tsada da kusan kashi 22 cikin ɗari. Motocinmu kuma sun fi na Turai shan wahalar iska, saboda bodinsu a buɗe yake, ana jibga buhuna har su zarce kan mota, tamfol yana kaɗawa kamar tuta, ga mutane a zaune a sama. A lokacin hunturu ma, mai dawowa daga Kudu yana fuskantar iskar arewa maso gabas ne kai tsaye.

Dangane da lokaci kuma, direbobi sukan yi lissafi kamar dukan hanyar santsi ce. Da a ce haka ne, kilomita 1,000 za ta ci awa 10 a gudun 100, ta ci awa 12 da rabi a gudun 80. To amma wa ya taɓa yin gudun 100 a cikin Jega, ko a ramukan da ke tsakanin Mokwa da Jebba, ko a cunkoson shiga Legas? Idan muka yi wa hanyar alfarma muka ce kilomita 400 daga ciki ne ake iya sakin mota, to bambancin awa 4 ne da awa 5. Awa ɗaya tak ake saya da wannan man, a tafiyar da shingaye da faci da jiran sauke kaya suke cinye awoyi da yawa ba tare da kowa ya ƙirga ba.

Sai dai akwai abin da ya kamata ka sani kafin ka kashe ko kwabo. Motocinka na DAF da na'urar suka zo, domin tun cikin shekarun 1990 dokar Tarayyar Turai ta wajabta ƙayyade gudun manyan motoci, kuma iyakar ita ce kilomita 90 a awa. A cikin ƙwaƙwalwar motar abin yake, kuma idan ka ga DAF tana taka 110 a miƙaƙƙen fili, to wani ne ya buɗe ta bayan ta sauka a nan. Bakaniken da yake da kwamfutar karanta injin zai iya dubawa ya mayar da ita. Tsofaffin motoci masu famfon mai na gargajiya su ne suke buƙatar a ɗaura musu wata na'ura daga waje wadda take rage man da ke shiga injin idan an kai iyaka. Ka kuma tabbatar an gwada maleji, domin idan an sauya girman taya ba a sake saiti ba, na'urar za ta riƙa karanta gudun da ba shi ne na gaskiya ba.

Tsohon Direba, Tambuwal:

Ɗana Magaji, Allah shi yi maka albarka da ka tambaya kafin ka yanke. Na yi shekara fiye da talatin a kan wannan hanyar, na fara tun ina yaron mota a kan Marsandi 911, kuma jikana ne yake rubuta mini wannan amsa. Lissafin Malam daidai ne, ban musa ko ɗaya ba, mu ma da ba mu yi boko ba mun san mota tana shan mai idan ana dukan ta. Amma ina so ka fara tambayar kanka abin da yake sa direba gudu, domin babu mai hankalin da yake son ya taka 100 da tan talatin a bayansa.

Abu na farko shi ne masu kaya. Fataken albasa suna bin motarsu, wani yana gaba kusa da kai, wasu suna sama, kuma tun daga Koko suke buga waya Legas suna jin farashi. Idan suka ji motoci sun yi ƙaranci a kasuwa, sai su yi maka alkawarin tukwici idan ka riga sauran shiga, kuma sau da yawa tukwicin nan ya fi abin da ubangida yake ba ka na tafiyar gaba ɗaya. Na biyu shi ne yadda kuke biyan mu, domin wanda ake biya a kan kowace tafiya dole ya so ya yi huɗu a wata maimakon uku. Na uku kuma shi ne tsoro. Akwai dazuzzukan da babu direban da yake son magariba ta same shi a cikinsu, kowa ya san su, kuma idan taya ta ɓata maka awa biyu da rana, to sai ka biya su da ƙafarka kafin duhu. Wanda yake zaune a ofis yana ganin lambobi a waya ba zai gane abin da direba yake ji ba idan ya hangi itace a gicciye a kan kwalta.

Sannan akwai maganar wuce mota. Hanyar nan yawancinta falle ɗaya ce, mai zuwa da mai dawowa suna goga kafaɗa. Idan ka fita domin ka wuce wata tirela, ka kai tsakiyarta, sai na'ura ta riƙe maka totur, ga tanka ta ɓullo daga kwana, me za ka yi? Wannan shi ne abin da direbanka yake nufi da an kashe masa mota, ba taurin kai ba ne.

Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa shi ne firi, wato sakin mota a gangara babu giya. Na'urar nan mai kawai take yankewa, ba ta taka birki. Yaran yanzu idan aka ɗaure su a fili sai su rama a gangara, su zare giya su saki mota ta tafi da nauyinta, su ce suna ajiye mai kuma suna rage lokaci. Na ga inda wannan ya kai mutane a gangaren da ke wajen Jebba da Bode Sa'adu, kuma ba na son in sake gani. Idan za ka sa na'ura ba ka hana firi ba, gara ka bar motocin yadda suke.

Malamin Kanikanci:

Baba, Allah shi ƙara girma. Maganar wuce mota gaskiya ce, kuma lissafi yana bayanka. Idan ta gaba tana 75 kai kana 80, tazarar kilomita 5 ce kawai a awa, kuma kafin ka fita, ka shafe tsawonta da naka, ka koma hannunka, kana buƙatar cin kamar mita 70 a kanta. Wannan zai ɗauki kusan daƙiƙa 50, ka yi tafiyar da ta haura kilomita ɗaya a hannun da ba naka ba. Abin da na fahimta daga nan shi ne motar da aka ƙayyade dole direbanta ya haƙura da wuce duk wadda gudunsu ya yi kusa, ya wuce mai rarrafe kawai, kuma wannan tarbiyya ce da sai an zauna an koyar.

A kan firi kuwa, yaran suna cutar kansu ne a banza. Injin zamani irin na DAF, idan mota tana gangara a cikin giya kuma ƙafa ba ta kan totur, ƙwaƙwalwar tana yanke mai gaba ɗaya, tayoyi ne suke juya injin. Wanda ya zare giya kuwa injinsa yana ci gaba da shan mai domin kada ya mutu. Ga shi ya rasa birkin injin, ga famfon iskar birki yana juyawa a hankali a daidai lokacin da ake ta taka birki ana zubar da iska, ga kuma birkin yana ɗaukar zafi har ya daina kamawa. Ƙarfin da birki zai kashe shi ma ninkin gudu yake bi, don haka motar da take 100 tana ɗauke da fiye da ninki biyu da rabi na abin da take ɗauke da shi a gudun 60. A zafin Sakkwato na watan Afrilu, da ma'auni yake wuce digiri 40, taya mai ɗauke da lodin da ya fi ƙarfinta tana tara zafi gwargwadon gudunta, kuma yawancin fashewar da ake ɗora wa ƙaddara daga nan take farawa.

Akawun Gareji:

Ranka ya daɗe Magaji, ni littafin mai nake riƙewa a wani kamfanin sufuri, saboda haka ta ɓangaren takarda zan yi magana. Da farko, lambar 80 da ake ta ambata ba ita ce ta doka ba. Ƙa'idar hanya ta Najeriya ta ba tirela da tanka kilomita 45 a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a kan tagwayen hanyoyi na gudu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara gargaɗi a kan na'urar ƙayyade gudu ga motocin haya a ranar 1 ga Oktoban 2016, ta fara kamu sosai a ranar 1 ga Fabrairun 2017, kuma tana da dillalan da ta amince su sa na'urar su ba da takardar shaida. Da yake motocinka sun kai biyar, kana cikin waɗanda hukumar take buƙatar su yi rajista a matsayin masu jerin motoci, su kuma naɗa mai kula da lafiyar tuƙi. Ka je ofishinsu na jiha ka ji abin da ya hau kanka kafin ka zaɓi lamba da kanka.

Na biyu, kuma shi ne abin da ya fi muhimmanci a wurina, yaya kake ba direbobinka mai? Idan al'adar da aka gada ce, wato a auna wa direba lita kaza na zuwa da dawowa, abin da ya rage nasa, to ko na'urar ta rage shan mai kai ba za ka ga komai ba, domin rarar za ta bi jarka ta tafi wurin 'yan bumburutu a bakin hanya. Mun yi wannan kuskuren. Mun sa na'ura a motoci, muka zauna muna jiran riba, wata uku littafi bai motsa ba, har maigida ya fara cewa an damfare shi. Sai da muka koma cika tanki a gaban ma'aikacinmu ranar tashi, a rubuta maleji, a sake cikawa ranar dawowa, a haɗa da rasit na abin da aka sha a hanya, sannan muka fara sanin lita nawa kowace mota take sha a kilomita 100. A nan ne kuma muka gano cewa wasu abubuwan suna cin mai kamar gudu ko fiye: taya mai ƙarancin iska, matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe, nozul mai fesa mai a injin da ya lalace, buhu 900 na siminti a motar da aka saba ɗora wa 600, da barin injin yana aiki a wurin kwana, wanda yake iya shan lita biyu zuwa uku a kowace awa mota tana tsaye.

Abin da ya kwantar da rigimar direbobi a wurinmu shi ne raba rarar. Aka tsayar da ma'auni ga kowace mota bisa abin da ta saba sha, duk wanda ya sha ƙasa da haka ana ba shi wani kaso na kuɗin a hannu, a fili, ranar da ya dawo. Direban da a da yake ɓoye jarka ya koma shi ne yake matsa wa yaron mota ya duba iskar taya kowace safiya.

Magajin Gida, Sakkwato:

Na gode ƙwarai, Allah shi saka da alheri. Akawu ya taɓa inda yake ciwo, domin tsarin auna mai ne muke bi tun zamanin mahaifina, kuma ban taɓa sanin abin da kowace mota take sha ba. Na yanke shawarar in fara da awo na wata biyu ba tare da na taɓa komai ba, in sa a karanta ƙwaƙwalwar motocin DAF, in kuma je ofishin hukumar. Malam, tambaya ɗaya ta rage: idan aka sauko har 60, ribar man za ta ci gaba da ƙaruwa kamar yadda ta yi daga 100 zuwa 80? Baba kuma, ta yaya zan tunkari dattijon da ya ce zai ajiye makulli, alhali shi ya koya mini zama a gaban mota?

Malamin Kanikanci:

Za ta ƙaru, amma ba da yawa haka ba. A misalin da na bayar, kason iska zai sauko daga 40 zuwa 22 da rabi, sai dai kason taya yana nan inda yake, kuma motocin Turai an tsara giyarsu ta ƙarshe ne domin gudun 80 zuwa 90. A gudun 60 da cikakken lodi direba zai riƙa sauka giya, musamman a hawa, wannan kuma yana mayar da wani ɓangare na ribar. Abin da zai kula da shi shi ne allurar juyin injin ta zauna a cikin koren zango, wajen 1,000 zuwa 1,500 a irin waɗannan injuna. Babbar ribar 60 tana wajen birki da taya da tsawon tazarar tsayawa.

Tsohon Direba, Tambuwal:

Ɗana, kada ka kira shi ofis. Ka same shi a gida bayan la'asar, ka tafi da mahaifinku idan lafiyarsa ta bari, ka ce masa kana son motarsa ta zama ta farko da za a auna domin ita ce ma'aunin sauran. Ina kyautata zaton za ka tarar shi ne mafi ƙarancin shan mai a cikinsu, domin tsohon hannu ba ya yawan taka birki. Ka bar shi ya tsara lokacin tashi da wuraren kwana, yadda za a ratsa dazuzzukan nan da rana tsaka ba tare da an nemi gudu ba. Kafin kakar albasa ta kama kuma, ka zauna da fataken da kuke ɗaukar wa kaya ka gaya musu ranar da motarka take shiga Legas, su ji daga bakinka, domin idan ba haka ba tun daga Jega za su fara yi wa direbanka tayin kuɗi ya nemi mai cire wayar na'urar.